Gudun Hambali a Titin 125

Wata Talata da hantsi maƙwabcina Hambali ya ɗaure igiyar takalminsa, ya yi bisimilla, ya fara 'yar sassarfa a gefen Titin 125, kuma kafin ya wuce kanti uku ya tashi kasuwar 'yan tebur gaba ɗayanta. Jama'a, ban ƙara gishiri ba. Mai turare ya haɗa bakin zanen teburinsa ya saɓa a kafaɗa. Mai tabarau ya zuba kayansa a jaka har da shinkafar da yake ci. Hajiya Mariatu, mutuniyar Kumasi mai sayar da man kaɗe da baƙin sabulu, ta ingiza keken kayanta da ƙarfin da ita kanta ba ta san tana da shi ba, robobin mai suna zubewa suna gangarawa ƙarƙashin motoci. Har wasu Turawa biyu 'yan yawon buɗe ido, da ba su san hawa ba balle sauka, suka ga kowa na gudu su ma suka bi sahu.

Shi kuwa gogan naku yana can gaba yana haki, bai san abin da ya haddasa ba. Sai da ya ji dirin ƙafafu a bayansa ya waiwaya, ya ga layi kakaf ya taso. Gabansa ya faɗi. Ya ce a ransa shi ke nan, Su ne suka zo, ga shi ya baro teburinsa. Ya juya da gudu na gaske. Da mutane suka ga Hambali ya juya, sai suka ce ashe ta gaba Su suka ɓullo, su ma suka juya. Haka aka yi ta kai da komo a Harlem har numfashin kowa ya ƙare, aka tsaya ana kallon juna.

Ga wanda bai san wurin ba, Su su ne bayin Allahn nan da ke zuwa ba sallama, su rubuta wa mai tebur takardar tara, su kwashe kayansa idan ba shi da lasisi. A layin nan ba a kama sunansu, Su kawai ake cewa, kowa ya gane. Teburin Hambali kuwa, na safa da huluna da rigar waya, shi ne na farko a bakin kwanar da motarsu ta saba ɓullowa. Shekara da shekaru shi yake fara hango su. Ba ya ihu, don kada a ce shi ya tada jama'a, tashi kawai yake ya ruga, duk wanda ya ga ƙafar Hambali ta ɗaga ya san abin yi. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda yake biyansa, amma cin abincin gidaje da yawa a ƙafar nan tasa yake rataye.

To, ita ƙafar ce take cikin hatsari. Makon da ya wuce kafin wannan Talata, Hambali ya je asibiti, aka ce sugansa ya hau sosai. Likitar, wata siririyar mata marar wasa, ta sa ya cire safa, ta ɗauko wani ɗan zare mai tauri tana tsikarar tafin ƙafarsa tana tambaya ko ya ji. A yatsu biyu bai ji komai ba. Ta ce masa abu biyu: ya riƙa motsa jiki kullum sai ya yi gumi, kuma kada ya yarda ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba takalmi, ko a cikin ɗakinsa ne, don ɗan yanka kaɗan a ƙafar mai suga yana iya zama babbar magana. Hambali bai buƙaci a faɗa masa ba. A Maraɗi ƙusa ce kawai ta soki mahaifinsa, kuma shi ne ya tallabo tsohon daga mota ranar da aka dawo da shi gida da ƙafa ɗaya. Tun da ya fito daga asibitin nan tsoro bai bar shi ba. Yana fita daga gidanmu na University Heights da sassafe, ba ya dawowa sai ya yi laushi, don haka hantsin nan da ciniki yake ja baya shi ne kawai lokacin da yake da shi.

Hajiya Mariatu ce ta fara isowa kansa, ɗankwali a hannu.

"Ei, Malam Hambali! Mutum da furfurarka, wa ya kore ka?"

"Hajiya, ki yi haƙuri. Lokotoro ce ta ce in yi sport. Wallahi suga ne."

"Sport kraa! Ka dubi man kaɗena ƙarƙashin bas. Kai in za ka yi exercise, ba ka faɗa wa mutane?"

"To mi na yi? Ga mutane nan kullum suna wucewa da gudu gabanki, ba ki taɓa tashi ba."

Daidai nan wani dogon saurayi ya zo wucewa da gudu, riga tana ƙyalli, takalmi ruwan lemo, abu toshe a kunne. Ko kallonsa ba wanda ya yi. Hajiya ta nuna shi da baki.

"Ka gan shi? Wannan ya sa kayan gudu. Kai ka fito da wandon kasuwa da jakar canji a ƙugu. Wanda ya gan ka haka, ya san ba daɗi ya sa ka gudu ba."

Gaskiya ta faɗa, kuma ta fi ciwo fiye da yadda ta zata. Mu dai a gida babban mutum ba ya gudu sai da dalili, kuma dalilin yakan kasance yana bayansa. Na ɗauka a nan abin ya bambanta, ashe sai dai a ce an sa masa farashi. In ka sa kayan dala ɗari uku ka ruga, ɗan wasa ne kai, mota ma tsayawa take ka wuce. In ka ruga da kayan da ka fito neman abinci, kuma fatarka irin tamu ce, kowa sai ya waiwaya ya ga me ka ɗauko ko wa ya biyo ka.

Maganar ba ta tsaya a bakin titi ba, don Allah Ya albarkace mu da shugabanni masu kishi. Ƙungiyar 'yan tebur tana da Kwamitin Ƙoli na Lafiya, Wasanni da Walwala, a ƙarƙashin Mai Girma Shugaba, Garkuwan Masu Tebur, Zakaran Gudun Harlem da Kewaye. Wannan sarauta ta ƙarshe a wajen liyafa aka ba shi, yana zaune. Ya daɗe da barin tebur, yanzu kanti gare shi da mota mai baƙin gilashi, amma ƙaunar talaka ba ta bar shi ya sauka daga kujera ba. Bara ma shi ya ƙaddamar da shirin Kowa Ya Motsa. Aka kama zaure, aka yanka raguna, aka yi shinkafa da wake har aka rasa inda za a sa, manyan kwamiti suka fito da kayan wasanni iri ɗaya, zif ɗin kowa ya tsaya a rabin tumbi. Mai Girma ya yi jawabi a kan amfanin tafiya a ƙasa, bayan an sauke shi a bakin ƙofa ya hau lif zuwa hawa na ɗaya. A ranar aka yi alkawarin takalmin gudu kyauta ga kowane ɗan ƙungiya, har aka durƙusa aka auna ƙafafunmu, ni da ba ni da tebur ma an auna tawa. Allah Ya saka musu, an auna da kyau.

Wannan kwamiti ne ya kira taron gaggawa a kan Hambali. Da yake gaggawa ce, kaji kawai aka soya. Bayan an ci an sha, Mai Girma ya share baki ya yanke hukunci cikin hikimar da Allah Ya ba shi: daga yau duk ɗan ƙungiyar da zai yi gudu ba don Su ba, dole ya sa cikakkun kayan gudu, riga ruwan ɗorawa mai tambarin kwamiti da takalmi mai ƙyalli da za a hango daga nesa. In an ga kaya, a zauna. In ba a ga kaya ba, a tashi. Rigar kuwa, cikin ikon Allah, surukin Mai Girma ya shigo da irinta kwanan nan, yana kuma sayar wa 'yan ƙungiya a kan farashin 'yan'uwantaka, wato ninki biyu.

Hambali ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, takalmin da aka auna mu bara hwa?"

"Yana hanya, Malam Hambali. Ana tattaunawa da kamfani. Kafin nan kowa ya taimaki kansa."

Aka yi tafi. Sakatare ya ce wannan shi ake kira shugabanci.

Ba yadda ya iya. Ya buɗe jarin da ya ajiye don sarin hulunan sanyi da safar hannu, ya sayi rigar suruki, ya nufi wani babban kantin kayan wasanni. Wani matashi mai fara'a ya tarye shi da Turanci, ya tambaye shi shi wane irin mai gudu ne. Hambali ya yi tunani ya ce shi irin wanda in ya yi gudu kowa ma sai ya yi. Matashin ya ce madalla, jagoran tawaga ke nan. Aka hau da shi kan injin da ƙasa take gudu mutum yana tsaye wuri ɗaya, aka ɗauki hoton ƙafafunsa, aka sanar da shi cewa shekara hamsin da wani abu ba daidai yake taka ƙasa ba. Maganin wannan cuta takalmi ne, kuma kuɗinsa ya kusa kai na jirgin Yamai zuwa Makka a zamanin kakanninmu.

A wajen safa ne abin ya taɓa masa mutunci. Hambali safa yake sayarwa, uku dala biyar, in ka yi masa kyakkyawar gaisuwa ya ƙara maka ɗaya. Nan aka miƙo masa ƙwaya ɗaya a kan kuɗin dozin ɗinsa. Ya juya ta ciki ya leƙa, ya juya ta waje, ya shinshina. Matashin ya ce ai wannan numfashi take yi. Hambali ya ce tasa ma tana yi, in ta kwana biyu har baki take buɗewa. Duk da haka ya saya, don an ce ba ta gurje ƙafa, shi kuwa da an ambaci ƙafa ciniki ya ƙare. Aka haɗa masa da wani wando mai kama jiki. Agogon da ke ƙirga bugun zuciya ne kawai ya ƙi, ya ce da jin kuɗinsa ya san tasa tana bugawa.

Da ya sa kayan a gida, matarsa Balki, wadda take aikin kula da tsofaffi, ta daɗe tana kallonsa daga sama har ƙasa.

"Baban Nadia, wannan wando ne ko fenti aka shafa maka?"

"Haka 'yan sport suke sawa."

"To 'yan sport ba su da surukai a unguwar nan. Ka ɗora wani a kai."

Ya ɗora wani burgujejen gajeren wando da ya rufe gwiwa, aka sasanta. Amma fa kada mu yi masa ƙarya, da ya tsaya gaban madubi wani abu ya shige shi. Kafaɗarsa ta miƙe. Washegari da ya fita gudu takalmin nan yana tura shi sama kamar katifa sabuwa, masu gudu 'yan'uwansa suna ɗaga masa kai in sun yi kiciɓis, wata tsohuwa ta ɗaga masa babban yatsa. Mai gadin wani kanti da ya shekara yana binsa da ido in ya shiga, ranar nan riƙe masa ƙofa ya yi. Hambali ya ji daɗi har cikin ransa, ya kuma ji haushin jin daɗin, don ya san shi ne dai Hambalin jiya. Bai hana shi fara miƙa ƙafa a jikin fitilar titi ba kafin ya tashi, yana duban nesa kamar wanda ake jira a filin wasa.

Layi ya saba. Da an hango ruwan ɗorawa da ƙyallin takalmi sai a gyara zama. Mai turare yakan yi masa kirari, 'yan Nijar su ce "Allez, champion!", Hajiya Mariatu ta miƙa masa ruwa a gora in ya zo wucewa. Tumbi ya fara sauka. Da ya koma asibiti likitar ta duba sakamako ta yi abin da ya yi kama da murmushi. Mai Girma da ya ji labari ya aiko da saƙon murya cewa wannan nasarar kwamiti ce.

Ana haka, wata ranar Alhamis Hambali ya gama sa kaya, ya dafa fitilar titi yana miƙa ƙafa, sai ga motar ta kunno kai daga kwana. Su ne, ba tantama. Jikinsa ya yi abin da ya saba tun kafin kansa ya yi tunani, ya bar tebur ya ranta a na kare.

Layi ya ɗauki tafi.

"Yau da zafinsa ya fito!" in ji mai tabarau.

"Su ne!" Hambali ya faɗa, shi da bai taɓa ɗaga murya ba. "Wallahi Su ne!"

Aka kwashe da dariya, aka ce champion ya koyi barkwanci. Ya fizge rigar suruki ya yar, ya rage daga shi sai singileti. Hajiya Mariatu ta ɗan miƙe, amma idonta bai je kan ƙirjinsa ba, ƙasa ya sauka inda aka saba dubawa. Takalmi yana nan yana ƙyalli. Ta koma ta zauna ta ɗago gorar ruwa.

"Zafi ne paa, Malam Hambali. Zo ka sha."

Ya tsaya. Ya waiwaya ya ga an riga an kewaye teburinsa, wasu biyu sun fara takowa cikin layi. Ya dubi Hajiya, wadda da wannan keke take biyan hayar ɗaki da makarantar jikoki a Kumasi. Ya dubi ƙasan Titin 125, wanda kowa ya san abin da ke zube a kansa. Maganar likita ta dawo masa tas, ƙirjinsa ya cika da tsoro. Ya sunkuya ya tuɓe takalman, ya ajiye su nan, ya zura da gudu da safa.

Jama'a, ban taɓa ganin kasuwa ta watse da sauri irin na ranar nan ba. Zannuwa suka naɗe, kekuna suka shige lunguna, kafin Su su kai tebur na uku ba abin da ya rage a layin sai kwalaye da gorar ruwan Hajiya tana juyi a ƙasa. Tebur ɗaya kawai aka kwashe a ranar, na Hambali. Da ya dawo neman takalmi, wani ɗan wasan ya riga ya gan su ya yi gaba da su. Yana tsaye yana dube-dube ne mai turare ya nuna masa sawun da yake bari a ƙasa. Kwalba ce ta yanke shi a tafin ƙafa, ta cikin safar mai numfashi, kuma bai ji ba.

A nan dariya ta ƙare mini. Balki ta bar aikinta ta same shi a asibiti, ta ga ƙafar a naɗe, ta juya baya don kada ya ga fuskarta. Likitar ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan tsoratarwa. Ta ce a wanke kullum, kada ya taka, a zuba ido. Ina jiyo su ta bango da safe, Balki tana kwance bandeji tana cewa "Kada ka duba, ni zan duba," shi kuma yana tambayarta wane launi ne yau. Mutumin da ya tashi Harlem sau biyu ya koma kwance yana tsoron tafin ƙafarsa.

Kwamiti bai yi barci ba, Allah Ya ƙara musu lafiya. Suka zauna, wannan karon da farfesu, suka gano inda matsalar take: riga ɗaya ba ta isa ba. Aka amince da riga ta biyu, ja, ta gudun gaske. Idan mai gudu yana cikin ruwan ɗorawa ya hango Su, sai ya tsaya ya tuɓe, ya sa ja, sannan ya ruga. Suruki ya ce zai yi ƙoƙari ya samo jajayen, ko da yake ja tsada gare shi. Aka kuma kafa ƙaramin kwamiti da zai je duba Hambali, kuma na ji sun yi zama biyu a kan wanda zai shiga gaba.

'Yan layi dai ba su jira su ba. Hajiya Mariatu ta hau benenmu da kwanon abinci, ta zauna ta ce, "Ni ce na ba ka ruwa." Kowa ya kawo abin da ya samu, aka tada masa tebur. Sannu a hankali bakin ciwon ya fara haɗewa, har ranar da likitar ta danna wurin ta ce ya rufe. Ta ce da sugansa yana inda yake a da, da ba wannan maganar ake ba, gudun nan ne ya cece shi daga abin da gudun ya jawo. Ta ce ya koma ya ci gaba, kuma in ta sake jin ya cire takalmi a titi ita da kanta za ta biyo shi.

Ya koma. Ba ruwan ɗorawa, ba ja. Balki ta sayo masa baƙin takalmi mai taushin ciki irin wanda suke sawa a wajen aikinsu, ba ya ƙyalli ko kaɗan. Masu gudu sun daina ɗaga masa kai, mai gadi ya koma binsa da ido, shi ma ya daina jin kansa ɗan wasa, ya ce ƙafa biyu sun ishe shi. Dabarar da ya fito da ita ba ta buƙaci taro ko kaji ba. Da hantsi yakan tashi da wandon kasuwa da jakar canji a ƙugu, yana gudu yana ɗaga hannu tebur bayan tebur, yana haki yana cewa, "Ba Su ba ne! Ku zauna, ba Su ba ne!" Likitar ta ce hakan ma yana buɗe huhu.

Saboda haka in kun biyo ta Titin 125 kuka ga wani dattijo yana gudu yana ba jama'a haƙuri, kada ku tsorata, maƙwabcina ne yake shan magani. Amma ranar da kuka gan shi yana gudu bakinsa a rufe, ko Mai Girma ne a gabanku yana jawabi, ku naɗe zanenku.